Daren da ɓarawo ya yi magana da sunanmu

Yau ba gaisuwa muka zo isarwa ba, ba sanarwar aure ko suna ba. Wani abu ne da ya faru da mu, wanda muka taɓa faɗin gutsurensa a rediyo amma ba mu taɓa zama muka warware shi daga farko har ƙarshe ba. Kunya ce ta hana. To, an ce ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Bara ne, ana saura kwana tara Sallar Layya. Kun san lambar nan da kuke aiko mana da vokal a shirin gaishe-gaishe na dare. Shekara huɗu wayar tana hannunmu. Ranar, bayan magariba, saura minti kamar biyar mu shiga studiyo, sai ga saƙo a WhatsApp daga wani babban yayanmu a aikin jarida da ke Agadas, mutumin da a hannunsa muka koyi riƙe mikro. Lambarsa ce, hotonsa ne. Da Faransanci ya rubuto: wai ana shirya taron ƙara wa juna sani na ƴan jaridar jihar ta intanet, ya sa sunanmu, za a turo mana lambobi shida ta SMS, mu maido masa da sauri don zai rufe jerin sunaye. Kafin mu gama karantawa SMS ɗin ya shigo. Muka kwafi lambobin muka tura, har da “mun gode, yaya”. Muka ajiye waya muka shiga shiri.

Abin da har yau yake ci mana rai shi ne, a ƙasan lambobin nan an rubuta ƙarara cewa kada a ba kowa wannan kod. Da Faransanci aka rubuta, harshen da muka yi kwaleji da lise da shi. Karatu ba mu rasa ba. Gaggawa ce ta kayar da mu, da ganin hoton mutumin da muke jin nauyi.

Ƙarfe goma muka fito daga shiri. Muka buɗe WhatsApp, sai muka tarar ya fitar da mu waje, yana cewa an yi rajistar lambar a wata waya. Muka nemi sabon kod, aka ce sai mun jira awoyi, domin wanda ya shiga ya riga ya yi ta neman kod har ƙofar ta toshe. Muka kira yayan namu ta layi. Yana ɗauka, kafin mu gama bayani ya ce: “Subhanallahi, kai ma? Ai tun shekaranjiya aka ƙwace tawa.” Kwana biyu kenan, kuma bai gaya wa kowa ba sai mutanen gidansa. Shi ma kunya.

A lokacin tasha ba ta rufe ba, akwai sauran awa biyu. Abokin aikinmu mai kula da na'ura ya ce: “Mu koma ciki yanzu ka faɗa wa mutane, minti ɗaya ya isa.” Muka ce masa a bari zuwa safe, wataƙila kafin nan mun dawo da lambar ba wanda ya ji. Gaskiyar magana, wata guda kafin nan mun yi shiri sukutum a kan ƴan damfarar waya, muna ta yi wa jama'a gargaɗi. Yaya za mu dawo mu ce mu ne aka ci? Wanzami ba ya son jarfa.

Daren nan muna kwance muna juyi, ɓarawo yana aiki. Daga baya muka fahimci yadda abin yake. Wanda ya ƙwace WhatsApp ɗinka ta wannan hanya ba ya ganin tsoffin hirarrakinka, waɗannan suna cikin wayarka. Amma yana gadon duk gurup ɗin da kake ciki, yana ganin lambobin mutanen da ke ciki, kuma duk sabon saƙon da aka aiko maka shi zai samu. Lambar shirinmu tana cikin gurup fiye da ashirin: na masu sauraro, na unguwanni, na ƴan kasuwa, na waɗanda muka yi lise tare. Sai ya bi mutane ɗaya bayan ɗaya. Ya ce an kai mahaifiyarmu likita, jiki ya yi tsanani, za a wuce da ita Agadas cikin dare, ana buƙatar kuɗin mota da na magani. Ya ce muna kusa da maras lafiya, ba mu iya ɗaukar kira, a tura ta lambar wani ɗan'uwa, ƙarshen wata za mu biya.

Duk ɗan Arlit ya san nauyin wannan magana. Kusan kilomita 240 ne tsakaninmu da Agadas, kuma kun san halin hanyar. In aka ce za a fita da maras lafiya cikin dare, ba wanda ke tsayawa dogon bincike. Waɗanda suka san Innarmu tana Tasawa, ba ta ma taɓa zama Arlit ba, su suka gane ƙarya ce. Wasu kuma suka yi mamaki: mutumin da kullum vokal yake yi musu da Hausa, yau shi ne da dogon rubutu? Amma kafin rana ta fito mutum uku sun tura. Wata baiwar Allah mai sayar da abinci a bakin tasha ta tura jikka 10. Wani saurayi mai kabu-kabu ya tura jikka 5. Na ukun wani dattijo ne na Akokan, jikka 75.

Ƙarfe takwas na safe sai ga dattijon a ƙofar gidan rediyo, jikansa ya kawo shi a babur. Tsohon mai sauraronmu ne, shekara 26 ya yi yana sauka cikin ramin Akuta, har ranar da aka rufe ma'adinin. Ba ya karatun boko, jikan ne ya karanta masa saƙon, shi ne kuma ya kai kuɗin wajen mai shagon unguwa bayan sallar asuba. Ya kama hannunmu ya ce: “Ɗana, ina jikin tsohuwa? An samu tahiya Agadas ɗin lahiya?” Wallahi jama'a, da ƙasa za ta tsage da mun shige. Kuɗin ragon layyarsa ne.

Mun daɗe muna tunanin me ya sa irin wannan damfara take cin mu da sauƙi a garin nan. Arlit gari ne na baƙi. Yuraniyom ne ya kafa shi a tsakiyar hamada: an kafa SOMAÏR a 1968, ta fara fitar da ma'adini a 1971, COMINAK ta biyo baya a 1978, Akokan ta tashi a gefenta. Iyayenmu daga Tawa, Maraɗi, Damagaram, Doso da ƙauyukan Abzin suka zo neman aiki, kowa ya baro dangi a nesa. Tun daga lokacin rayuwarmu aike ce: a aika gida, gida ya aiko. Da a hannun direba ake ba da saƙo, yanzu ƙarshen wata ku dubi layi a ƙofar Nita, Amana ko Al Izza. Da aka rufe COMINAK ranar 31 ga Maris 2021, ɗaruruwan ma'aikata suka rasa aiki, wasu suka koma garuruwansu, wasu suka bar iyali nan suka fita nema. Samari kuwa tun 2014 suke kwarara Jado da Cibarkaten neman zinari, wasu suna Aljeriya. Gida guda, mutum biyar, ƙasa uku, waya ce kaɗai ke haɗa su. A gari irin wannan, saƙon “turo mini da sauri, ina cikin matsala” abu ne na kullum, kuma mutanen kirki ne ke saurin amsawa. Ɓarawon bai fasa wayarmu ba, bai san ko launinta ba. Sunanmu ya ara, ya je ya karɓi abin da kuka ba mu don amana.

Ƙarfe tara muka shiga iska muka faɗi gaskiya, awa goma sha ɗaya bayan lokacin da ya kamata. Da rana kod ya shigo, muka sa. Ku riƙe wannan da kyau: da zarar ka sa sabon kod na SMS a wayarka, WhatsApp yana korar wancan daga ciki, ko da kai ba ka samu shiga ba tukuna. Mu ba mu samu shiga ba, domin ɓarawon ya riga ya sa nasa makulli na biyu, sai da muka jira kwana bakwai cif. Shirin gaishe-gaishe na Salla, wanda ya fi kowane cika a shekara, ba vokal ko ɗaya muka yi shi.

Amma sanarwar ta buɗe bakin mutane. Mako guda ana kira, kowa da nasa labarin da ya daɗe yana ɓoyewa. A nan muka gane ƙofofin da ake shigo mana ta ciki ba su da yawa, kusan duk iri ɗaya ne. Bari mu bi su.

Ta farko ita ce wadda ta ci mu: kod. Dalilan da ake kawowa ne ke sauyawa. Yau taro ne ta intanet, gobe “na yi kuskure na tura kod ɗina a lambarka”, jibi wai za a sa ka cikin gurup na tallafi, ko wai daga kamfanin waya ake kira za a gyara maka layi. Lambobi shida da suka shigo wayarka ba tare da ka nema ba, ma'anarsu guda ce: wani yana ƙoƙarin buɗe WhatsApp ɗinka a wayarsa. Ba a ba kowa, ko wanda ya haife ka, domin ba ka da tabbacin shi ne ke rubutun. Akwai kuma makulli na biyu da WhatsApp ya kawo tun 2017, wanda da mun sa shi da duk wannan bai faru ba. Tunda wayoyinmu galibi da Faransanci suke, ga hanyar: Paramètres, sai Compte, sai Vérification en deux étapes. Ka zaɓi lambobi shida naka na kanka, ban da shekarar haihuwa, ban da 123456. Minti biyu ne. Ku leƙa kuma wajen da aka rubuta Appareils connectés. Wanda ya ari wayarka a fada “bari in yi kira” yana iya haɗa WhatsApp ɗinka da kwamfutarsa ya riƙa karanta komai daga nesa. In kun ga na'urar da ba ku sani ba, ku cire ta nan take.

Ta biyu, Facebook ɗin da wani ya buɗe mana. Da yawa daga cikin iyayenmu da ƙannenmu, yaron shagon caji ko wani ɗan unguwa ne ya buɗe musu, ya sa lambar wayarsu a matsayin kalmar sirri don kada su manta. Shekara biyar ba a sauya ba. To lambar waya ba sirri ba ce. A watan Afrilun 2021 an watsa bayanan mutum miliyan 533 masu Facebook daga ƙasashe 106 a intanet, har da lambobin wayarsu. Ko ba wannan ba, lambarka tana jikin ƙofar shagonka. A sauya kalmar sirri, a yi ta da tsawo, a haɗa kalmomi uku ko huɗu da ba su da dangantaka, kuma kada wadda ke Facebook ta zama ita ce ta imel. Facebook ma yana da nasa makulli na biyu, a kunna shi.

Ta uku ta shafi matafiyanmu. Saurayi ya tafi daji wajen zinari ko ya haura Tamanrasat, ya yi wata da watanni bai sa pus ɗinsa na Nijar a waya ba. Layin da aka daɗe ba a yi aiki da shi ba, kamfani yana iya karɓe shi ya sayar wa wani. Sabon mai layin shi zai riƙa samun kod ɗin WhatsApp da na Facebook ɗinka. Kafin tafiya a tabbatar layin da sunanka aka yi masa rajista, da katinka na ɗan ƙasa, a kuma bar shi yana motsi. In za ka sauya lamba, ka sauya ta cikin WhatsApp da Facebook tun tsohuwar tana hannunka.

Ta huɗu, shuɗin rubutun nan da ake latsawa, liyen. Mega kyauta don murnar Salla. Tallafin jikka 50 ga kowane magidanci. Ana ɗaukar ma'aikata a ma'adini, a cika suna kafin gobe. Wannan na ƙarshen ya fi yi mana ciwo, domin da yunwar aikin samarinmu ake wasa. Kana latsawa sai ya kai ka shafi mai kama da Facebook sak, ya ce ka sa lamba da kalmar sirri. Kana sawa ka miƙa makulli da hannunka. Alamarsa ba ta ɓuya: kullum akwai kyauta, kullum akwai gaggawa, kuma kullum sai an ce ka tura wa gurup biyar ko goma kafin ka samu. Banza ba ta kai zomo kasuwa. Kamfanin da ke neman ma'aikata da gaske yana da ofishi, yana da allon sanarwa, ana iya zuwa a tambaya.

Ta biyar, birus da muke ɗaukowa da kanmu. Don tsimin mega, mun saba a tura mana manhaja ta Xender daga wayar aboki ko a kasuwa. A nan GBWhatsApp da ƴan'uwansa suke yawo, masu ba ka damar ɓoye cewa ka karanta saƙo ko ganin abin da aka goge. Ba kamfanin WhatsApp ya yi su ba, ba wanda ya san abin da aka cusa a ciki, kuma ana iya rufe maka lamba saboda su. Wasu manhajojin suna karanta SMS ɗinka a ɓoye, wato kod ɗin ma ba sai an roƙe ka ba. A sauke manhaja daga Play Store kawai, a bar Play Protect a kunne, in waya ta nemi sabuntawa a yi mata. A kuma duba abin da manhaja ke neman izini a kai. Tocila mai neman karanta saƙonninka da ganin sunayen mutanenka, mi ya haɗa ta da su? In kredi yana ɓacewa ba dalili, mega na ƙarewa da wuri, talla na faɗowa ko ba ka buɗe komai ba, batir ba ya kai azahar, to a bincika. Zafin waya kam ba hujja ba ne a Arlit, ko dutse zafi yake yi. Mu ma a gidan rediyo mun sha wahalar kle ɗin da ake kawo mana da sanarwa ko kiɗan biki, mai birus ɗin nan da ke mayar da fayiloli rakursi. Yanzu kwamfuta guda muka ware don su, ba ta haɗuwa da ta studiyo.

Akwai manyan makaman leƙen asiri da ke shiga waya ba ka taɓa komai ba, irin Pegasus, wanda WhatsApp ya ce an kai wa mutum kusan 1,400 hari da shi a 2019, cikinsu har ƴan jarida. Waɗannan tsadarsu ta fi ƙarfin mai neman jikka 10 a hannun mai tuwo. Namu ɓarayin sallama suke yi, mu buɗe musu.

In abin ya riga ya faru fa? Abu na farko, kafin komai, a faɗa. A kira mutane ta layi, a tura SMS, a sa wani ya rubuta a duk gurup ɗin da kuke tare, a faɗa a fada, a faɗa a masallaci, a zo gidan rediyo. Sannan a nemi sabon kod. Wanda ya tura kuɗi ya riƙe rasit da lambar da ya tura wa, ya ruga wajen da ya tura tun ba a cire ba, wani lokaci ana dacewa. A ɗauki hoton saƙonnin, a kai ƙara komisariya ko jandarmari. Nijar tana da doka a kan laifukan intanet, doka mai lamba 2019-33 ta 3 ga Yuli 2019, kuma shiga asusun wani ba izini da damfara ta waya duk suna ciki. Ko kuɗi ba su dawo ba, takardar ƙarar kariya ce gare ka, domin in ɓarawon ya zagi wani ko ya watsa ƙarya da sunanka, kai za a fara nema.

Ga ku kuma da za a aiko wa saƙon neman kuɗi: ku kira. Ba kiran WhatsApp ba, kiran layi. In an ce ba a iya ɗauka, ku kira matarsa, ƙanensa, maƙwabcinsa. Vokal ma yanzu ba a sakin jiki da shi gaba ɗaya, tunda akwai manhajojin da ke kwaikwayon murya, balle irin tamu da ke kan iska kullum. Ku yi tambayar da shi kaɗai zai iya amsawa. Mai matsala ta gaske ba zai yi fushi don an kira shi ba, daɗi ma zai ji.

Mu koma kan dattijonmu. Mun biya mai abinci da mai kabu-kabu a makon. Nasa kuwa sai da muka yi wata uku muna cirewa daga albashi. Shekarar da akuya ya yi layya. Ranar da muka kai masa kashin farko a Akokan, da farko ƙin karɓa ya yi. Ya ce: “Ni don tsohuwarka na bada. Tunda tana lahiya, alhamdu lillahi, ai buƙata ta biya.” Sai da muka haɗa shi da Allah ya karɓa. Muka sha shayi, muka yi hira a kan ramin Akuta, yadda ba a sauka sai an duba fitila da iska, yadda in mutum ya ga tsaga a rufi dole ya yi ihu nan take, ko da daga baya a yi masa dariya. Da muka tashi tafiya ya rako mu bakin ƙofa, ya ce: “Ɗana, sata kam kowa ana iya yi mai. Abu guda ne ya tsaya mini a rai. Daren nan rediyona na kusa da kaina har kuka ruhe tasha. Da ka hwaɗi, da na ji.”

Ba mu da amsar da za mu ba shi, har yau ba mu da ita. Abin da muka iya kawai shi ne, tun daga ranar, duk wanda aka ƙwace wa WhatsApp ko Facebook ya zo ko ya kira, muna karanta sanarwarsa a shirin dare ba tare da ya biya ko dala ba, ba kuma wanda zai yi masa dariya.

Yau da dare, kafin ku kwanta, ku sa makulli na biyun nan. In kun gama da taku wayar, ku karɓi ta Baba da ta Inna ku sa musu, ku bar su su zaɓi lambobin da kansu. Wanda ba ya karatu, a karanta masa wannan ko a yi masa vokal da harshen da yake ji, Hausa, Tamashek ko Zabarmanci. Allah ya tsare mu da dukiyarmu da mutuncinmu, ya ba marasa lafiya na gaske lafiya. Sai mun haɗu a shirin dare, a lambar nan dai da kuka sani.